Wa Ya Ci Amanar Wa? Tsokaci A Kan Soyayya Da Leƙen Asiri A Wani Wasan Talabijin

Na san daga cikin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai masu karanta wannan mujalla ba za a rasa wanda zai ce, me ya haɗa ɗalibin Hausa da wasan kwaikwayon Amurkawa ba, alhali kuwa ga namu nan jibge ba mu gama nazarinsu ba. To, ni ba Amurka ce ta dame ni ba. Abin da ya dame ni wata kalma ce da ta shigo bakin mutanen ƙasarmu ta arewacin Zamfara, tun daga Kurya Madaro da Ƙaura Namoda har zuwa Shinkafi da Zurmi, ta kuwa zauna daram, watau kalmar "infoma". Kalma ce ƙarama a baki, amma idan aka liƙa wa mutum ita, to sau da yawa ba a sake tambayarsa kome, sai dai a tambayi inda za a same shi. Na ga wani kashi guda na wani wasan talabijin ya warware abin da wannan kalma ta dunƙule, shi ya sa na ga ya kyautu in shimfiɗa shi gaban masana, ko ma samu abin ɗauka.

Sunan wasan The Americans. Wani tsohon ma'aikacin hukumar leƙen asirin Amurka mai suna Joe Weisberg ya ƙago shi, aka kuma nuna shi daga 2013 zuwa 2018. Labarin wasu Rashawa biyu ne, mace da namiji, waɗanda hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet ta haɗa su ta ce ku je ku zama mata da miji, ta ba su sunayen Filif da Elizabet, ta dasa su kusa da birnin Washinton. Suka zauna kamar kowa, suka haifi 'ya'ya biyu, suna sana'ar sayar da tikitin tafiye-tafiye da rana, da dare kuwa suna satar asirin ƙasa. Labarin ya fara ne daga 1981, lokacin da gaba ta yi tsanani tsakanin manyan ƙasashen nan biyu. Kashin da nake nufi shi ne na 12 a zangon farko, wanda aka nuna a watan Afrilu na 2013, sunansa kuwa The Oath, watau rantsuwa. Kuma lalle sunan ya dace, domin mata uku aka jera mana a cikinsa, kowacce ta buɗe wa abokin gaba ƙofa, kowacce kuma da irin igiyar da aka ja ta da ita.

Ta farko Biyola, 'yar aiki a gidan sakataren tsaron Amurka. Tun a kashi na biyu Filif da Elizabet suka sa wa ɗanta guba, suka ce mata ba za ta ga makari ba sai ta ɗauko musu agogon ɗakin karatun maigidanta, su sa masa na'urar sauraro, ta mayar. Ta yi. Wace uwa ce ba za ta yi ba? A wannan kashi sai muka gan ta a majami'a tana sauraron wa'azi, abin ya ci mata rai, ta tashi da ƙafarta ta je ta tona kanta.

Ta biyu Nina, ma'aikaciya a ofishin jakadancin Sobiyet. Ita wani jami'in tsaron Amurka ne ya kama ta da laifin fasa-ƙwauri, ya ce ko ta riƙa kawo masa labari ko ya tona ta, daga baya kuma har soyayya ta shiga tsakaninsu. A wannan kashi aka ƙara mata girma, aka sa ta yi rantsuwar riƙe amanar ƙasarta. Kalmomin rantsuwar suka yi mata nauyi, ga kuma zargin da take yi cewa masoyin nata da hannunsa a kisan wani abokin aikinta. Sai ta shiga ofishin shugabanta ta faɗi abin da ta aikata.

Ta ukun ita ce wadda ta hana ni sakat, watau Marta. Sakatariya ce a sashen hukumar tsaro mai farautar 'yan leƙen asiri, mace mai kirki wadda shekaru suka fara ja ba ta sami miji ba. Filif ya sa gashin ƙarya da tabarau, ya zo mata da sunan Kilak, ya ce shi jami'i ne da aka ɗora wa binciken ofishinsu a asirce, saboda haka duk abin da ta gaya masa ƙasarta ta yi wa aiki. Da ya ga yana bukatar ta ajiye masa alƙalami mai na'urar sauraro a ofishin shugabanta, ya kuma san abin ya fi ƙarfin zance, sai ya nemi aurenta. Aka ɗaura. Iyayenta suka zo da farin cikinsu. Dangin ango kuwa, wadda ta tsaya a matsayin uwarsa shugabarsa ce a aikin leƙen asiri, wadda kuma ta tsaya a matsayin 'yar'uwarsa ita ce Elizabet, matarsa uwar 'ya'yansa. Kai, ban taɓa ganin ɗaurin aure mai ban tausayi irin wannan ba, domin duk cikin waɗanda suka yi alkawari a wurin mutum ɗaya ne kaɗai yake nufin abin da bakinsa ya faɗa, kuma shi ne wanda doka za ta kira maci amana.

A nan ne nake son mai karatu ya dakata. Idan aka kawo matan nan uku kasuwar Shinkafi aka ce ga abin da suka yi, suna ɗaya za a kira su da shi. Amma ai ba abu ɗaya suka yi ba. An tilasta wa Biyola da ran ɗanta. An kama Nina da igiyar laifinta, sa'an nan ita ma ta ɗanɗana daɗin abin. Marta kuwa ba ta ma san ta yi ba. Da Hausa muna da kalmomin da suka rarrabe waɗannan: akwai tilas, akwai kwaɗayi, akwai yaudara, akwai kuma cin amana tsagwaronsa, wanda mutum ke yi ido buɗe, ba tsoro ba ruɗi. Harshenmu bai gaza ba. Mu ne muka ari kalma guda daga Turanci muka rufe su duka da ita, kamar wanda ya kife ƙwarya a kan kunama da ƙwaro da ɗan tsako, ya ce duk abin da ke ciki mai harbi ne.

Kada a ce na wanke Marta tas. Ban wanke ta ba, wasan ma bai wanke ta ba. Mijin da ba ya kwana gida sai jefi-jefi, wanda ya ce kada abokan aiki su san da auren, wanda kullum hirarsa ba ta wuce me aka ce a ofis yau, ai ko yaro ya san da walakin. Ta ga alamu ta kau da kai, domin tana tsoron amsar da tambaya za ta jawo. Bugu da ƙari, a zango na uku, cikin 2015, da aka gano alƙalamin, Filif ya cire gashin ƙaryar a gabanta, ba ta kai ƙararsa ba. Daga wannan rana laifinta ya zama na mai sani. Ƙarshenta aka fitar da ita a ɓoye zuwa Rasha, ƙasar da ba ta jin harshenta, ba miji ba iyaye. Nina kuma aka harbe ta a kurkukun ƙasar da ta koma wa da tuba. Amma duk da haka, wanda ya ce Marta da Filif laifinsu ɗaya, to bai san abin da ake kira amana ba. Ita ta ba da amana inda bai kamata ba, shi kuwa ya karɓa da niyyar ci tun ran farko.

Inda nake da ja da masu wasan shi ne, sun ƙawata Filif ƙwarai. Sun nuna mana shi yana baƙin ciki, yana juyayi, har mai kallo ya wayi gari yana yi masa addu'ar kada a kama shi. Bayan ɗaurin auren nan ma, abin da aka bar mu da shi a zuci shi ne tambayar da Elizabet ta yi masa, ko da zamansu ya sāke da su ma sun taɓa yin irin wannan alkawari, tun da su takarda kawai aka miƙa musu aka ce sun zama ma'aurata. Tambaya ce mai taɓa zuciya, ban musa ba. Sai dai ta janye hankalinmu daga amaryar da aka yanka ba wuƙa, ta mayar da shi kan mahauta biyu da ke tausayin junansu. Wannan ita ce cutar yawancin wasannin leƙen asiri: mai dabara shi ne tauraro, wanda aka yi wa dabarar kuwa tsani ne kawai.

Kada kuma a ɗauka ƙagaggen labari ne da ba ya faruwa. Hukumar leƙen asirin Jamus ta Gabas, a ƙarƙashin Markus Wolf wanda ya shugabance ta har 1986, ta yi suna wajen tura samari su nemi sakatarorin ma'aikatun gwamnati a birnin Bon na Jamus ta Yamma, har akan shirya auren ƙarya da limamin ƙarya. Da asiri ya tonu, matan ne suka tsaya gaban alƙali.

To, mu dawo gida, domin mu ma ba baƙi ba ne ga auren da ke buɗe ƙofar birni. Duk ɗan ƙasar Ƙaura da ya zauna gaban tsofaffi ya ji yadda Gobirawa suka shigo Zamfara. Masu tarihi sun ce Sarkin Gobir Babari ya aurar da 'yar'uwarsa Fara ga Sarkin Zamfara Maroƙi, aka bar Gobirawa suka zauna a gonar alƙalin Zamfara, wurin da ya zama Alƙalawa. Baƙi suka yi ƙarfi, suka yi yawa, har wajen 1762 Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi, Maroƙi ya gudu Kiyawa, garin da har yau sarautar Ƙaura Namoda ke ɗauke da sunansa. Alƙalawa kuma ta zama babban birnin Gobir har 1808 da mayaƙan jihadi suka ci ta, cikinsu har da Namoda. Abin lura a nan shi ne matsayin Fara. Ga miji a hannu ɗaya, ga ɗan'uwa a ɗaya hannun. In ta gaya wa mijinta abin da danginta ke shiryawa ta ci amanar jini, in ta yi shiru ta ci amanar aure. Ba ita ta ƙulla auren ba, ba ita ta ja rundunar ba, amma da wuya a ba da labarin faɗuwar Birnin Zamfara ba a fara da sunanta ba. Maza suka ƙulla, maza suka warware, aka bar mace da ambato.

Yau kuwa abin ya wuce hira. Shekaru fiye da goma ke nan 'yan bindiga na addabar ƙasar nan, kuma kowa ya san ba su san gidan da aka sayar da shanu jiya ba sai an gaya musu, ba su san ranar da amarya za ta tare ba sai an gaya musu. Saboda wannan ne gwamnati ta sa aka rufe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya a watan Satumba na 2021, aka kuma rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka, duk don a yanke igiyar da ke tsakanin daji da gari. Zargin bai tsaya kan talakawa ba, domin a 2022 gwamnatin jihar ta tuɓe sarakunan Zurmi da Ɗansadau bisa zargin hulɗa da 'yan bindiga. Sau da yawa kuma 'yan sanda sun jera mata gaban 'yan jarida, aka ce masu kai wa 'yan daji labari ne, ko abinci, ko mai, ko kuwa 'yan matansu ne. Mu kuma mu gani a waya, mu yi Allah wadai, mu wuce.

Amma wa ya tsaya ya rarrabe? A cikin waɗanda ake kira infoma akwai wanda aka riƙe ɗansa a daji aka ce ya riƙa kawo labari ko a aiko masa da gawa, wannan shi ne Biyola. Akwai manomin da ba zai taka gonarsa ba sai ya biya, ya kuma amsa duk tambayar da aka yi masa. Akwai yarinyar da wani ya yi ta kira a waya da daɗin baki, yana aiko mata da kati da turmin atamfa, yana tambayarta labarin gari kamar mai hira, ita kuwa tana zuba, tana ganin ta yi miji, wannan ita ce Marta. Akwai wadda aka sace aka aurar da ita a daji ba da sonta ba, ta dawo da goyo, gari ya ƙi ta. Sa'an nan akwai na ainihin, wanda ke zaune cikinmu, ya ci tuwonmu, ya bi mu salla, ya nuna gidan maƙwabcinsa don a ba shi kaso cikin kuɗin fansa. Wannan na ƙarshe ba ni da abin cewa a kansa sai hukuma ta yi aikinta. Abin da nake cewa shi ne, shi ne ya fi kowa cin ribar wannan dunƙulewa da muke yi, domin muddin kowa infoma ne, to shi ya sami taron da zai ɓuya a ciki.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba magana ce ta banza ba. Za a ce, kai ɗalibi kana zaune a jami'a kana rarrabe kalmomi, wanda aka kashe wa uba fa? Harsashin da ya same shi bai tambaya ko da yaudara aka nuna gidan ko da kwaɗayi ba. Gaskiya ne. Ɓarnar ɗaya ce ko ta wace ƙofa ta shigo, kamar yadda alƙalamin Marta ya yi aikinsa ko ta sani ko ba ta sani ba. Amma ina roƙon mai wannan magana ya duba abu biyu. Na farko, Biyola da Nina da ƙafarsu suka je suka faɗi gaskiya, kuma sun je ne domin suna sa ran za a saurare su kafin a yanke musu hukunci. A garin da kowa ya san da zarar an ji sunanka a wannan sha'ani to kashinka ya bushe, wa zai zo ya ce an tilasta mini, ga lambar da ake kirana da ita, ga inda ake haɗuwa da ni? Ba kowa. Sai ya ƙara nutsewa, domin daji ya fi masa gari aminci. Watau rashin rarrabewar nan ba tsaro yake ƙara mana ba, labarin da zai cece mu yake toshewa. Na biyu, duk wanda ya zauna ƙasar nan ya san kisan da aka yi ta yi a kasuwanni bisa zato, ba alƙali ba shaida, yana daga cikin abin da ya hura wutar ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da mutanen daji. Kuma ƙofa ce buɗaɗɗiya ga mai ƙiyayya: wanda kuka yi rikicin gona da shi, ko wanda ya nemi 'yarka ka hana shi, kalma ɗaya ta ishe shi.

Mu Musulmi ma ai muna da abin koyi wanda ya fi na kowane wasa. Gab da buɗe Makka, a shekara ta 8 bayan hijira, Sahabi Haɗibu ɗan Abi Balta'a ya rubuta wa Ƙuraishawa takarda yana sanar da su shirin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba wata mace ta ɓoye cikin kitsonta. Aka tura su Sayyidina Aliyu suka tare ta a hanya suka karɓo takardar. Laifi ya tabbata, ga shaida a hannu, har Sayyidina Umaru ya nemi izinin sare kansa. Amma sai da aka kira shi aka tambaye shi dalili. Ya ce iyalinsa na Makka ba su da dangin da zai kare su, shi ya sa ya so ya yi wa Ƙuraishawa abin da za su saka masa da shi. Aka karɓi uzurinsa, aka tuna masa halartar Badar, sa'an nan farkon Suratul Mumtahana ya sauka yana hani ga aikin. A lura, ba a ce abin da ya yi daidai ne ba. An tare takardar, an hana aikin, amma an tambayi mutumin.

Saura kuma namu na 'yan sashen Hausa. Adabinmu ya daɗe da sanin maci amana. A Magana Jari Ce, wanda ya fito a 1937, ga waziri nan yana haɗa baki da Sarkin Sinari don ya ci amanar ubangidansa, kuma tun daga shafin farko mun san mugu ne, ba mu da wata wahala a kansa. A Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina mun ga yarinyar da mai kuɗi ya ruɗa, amma ɓarnar ta tsaya a kanta. Abin da nake ganin muna bukata yanzu shi ne wasan da zai haɗa biyun, ya nuna mutumin kirki wanda aka shiga ta ƙofar sonsa ko tsoronsa aka cuci gari da shi, ya bar mai kallo ya zauna da wannan nauyi ba tare da an yi masa saurin yanke hukunci ba. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta nuna da Daɗin Kowa cewa masu kallonmu na iya bin labari mai tsawo da ya taɓo ta'addanci da gudun hijira, saboda haka ba a ce ba mai kallo ba.

Kuma ba sai mun je Washinton aron labari ba. Ga Fara nan tana jiran mai rubutu. Da ni ne, ba da yaƙi zan buɗe labule ba, ba kuma da fada ba. Zan buɗe shi ne a ɗakinta cikin Birnin Zamfara, da dare, wata tsohuwa ta iso daga Alƙalawa da ƙwaryar goro da gaisuwar ɗan'uwanta Babari, ta zauna suna hirar gida, tana tambayarta lafiyar maigida, da yawan dawakin da ke bargarsa, da kuma ƙofar da ake fara rufewa in rana ta faɗi.